Funs da Hoton Tsuntsun Katako

A ƙauyenmu na Elsbroek, can kudancin Holan, in ka ji musu ya kaure a teburin tsakiya na mashayar Mia, ba sai ka leƙa ba, Funs Habets ne yake koya wa wani sana'arsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, kuma tun da ya ajiye aiki babu ilimin da ya gagare shi. Ya koya wa mahauci yanka, ya gyara wa Fada, limamin cocinmu, wa'azi, har an taɓa ganinsa a bakin shinge yana yi wa saniya bayanin yadda ake tuƙa. Matarsa Tilla takan ce da baki yana noma, da mijinta ya ciyar da lardin nan kaf.

To, kowace shekara, Lahadin farko ta watan Yuni, ƙungiyar maharba takan kafa tsuntsun katako a kan doguwar sanda, a bi layi ana harbinsa da ƙatuwar bindigar ƙungiya. Wanda ya faɗo da shi, shi ne sarkin shekara. Wanda ya yi haka sau uku a jere ya zama sarkin sarakuna har ƙarshen ransa, a rataye hotonsa a bangon Mia. Ƙa'idar kuwa a rubuce take: sai hoton da mai hoton ƙungiya ya ɗauka a ranar harbin, ba na jiya ba, ba na gobe ba. Hoto ɗaya tak ne a bangon, na marigayi Dohmen, mahaifin Tilla da yayanta Wiel.

A shekarar 1978 Wiel ya riga ya ci sau biyu a jere. Mutum ne marar surutu, ɗan sittin da shida, kuma hannunsa ya fara rawa. Kowa ya san in bana ta wuce shi, ba zai ƙara riƙe bindiga ba. Ga shi kuma tsohon mai hoton ƙungiya idonsa ya mutu.

Lei mahauci, shugaban ƙungiya, shi ya ta da maganar a teburin tsakiya. “To jama'a, wa zai ɗauki hoton bana?”

“Wannan ma abin tambaya ne?” in ji Funs. “Ga ni zaune.”

“Kai? Ka taɓa riƙe kyamara?”

“Katin gaisuwa nawa masu hoto suka bi ta hannun nan? Dubu ɗari! Idona ya sha hoto ya ƙoshi, Lei.”

Mia ta ajiye masa kofin giya. “Ni ma kullum jirgin sama yana bi ta saman gidana. Gobe sai in je in tuƙa.”

Aka yi dariya, ban da Wiel. Ya juya kofinsa a kan tebur, ya ce, “Mijin ƙanwata, abu ɗaya nake so. Ni, da bindiga, da tsuntsu yana faɗowa, kamar na Baba. In ba za ka iya ba, faɗa min yau, a ɗauko mai hoto daga birni.”

Funs ya dafe ƙirji. “Yaya Wiel, ka sa a auna bango. Hoton da zan ɗauka, sai 'yan jarida sun yi layi a ƙofar nan.”

Aka rubuta sunansa a matsayin mai hoton ƙungiya. Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa birnin Maastricht.

Mai kantin kyamarori mutum ne mai haƙuri, kuma a ranar ya ci ladan haƙurinsa. Ya fito da wata baƙar kyamara mai nauyi, ya ce irin wadda ake leƙawa ta cikin idonta ce, abin da ka gani shi fim zai gani. Komai da hannu ake saitawa: a murza zobe har mutum ya fito tas, a murza wani har allurar auna haske ta tsaya tsakiya, a danna, sannan a ja ɗan hannun nan da babban yatsa don fim ya matsa gaba.

“Na sani, na sani,” Funs yake ta cewa, idonsa a kan wani dogon abu cikin akwatin gilashi, mai tsawon taɓarya. “Wancan fa?”

“Ido ne na nesa. Gajeren da ke jikinta ya ishe ka, maigida. Wancan na masu ɗaukar tsuntsaye ne.”

“Ai tsuntsu zan ɗauka!”

“Wane iri?”

“Na katako.”

Mai kanti ya dube shi, ya dubi rufin ɗaki, ya naɗe masa dogon idon. Ya sa masa fim a ciki da hannunsa, mai hoto talatin da shida, ya ce ya ƙara biyu a aljihu.

“Maharbin ƙwarai harsashi ɗaya yake fita da shi,” in ji Funs.

A gida Tilla ta ce ya gwada a kanta ko a kan kyanwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce gwaji na 'yan koyo ne. Ya ɗora kyamarar a kan kabad, ya hana a goge ƙurar wurin.

Ranar ta zo da rana tarwai. Aka fito daga coci, masu ƙaho da ganga a gaba, maharba cikin koren kaki a baya, har filin harbi. Funs ya iso a ƙarshe da sabuwar hula, jaka a kafaɗa, dogon ido yana gaba shi yana binsa. Ya kori matan da suka zo da 'yan ƙananan kyamarorinsu, wai za su cinye masa haske. Ya tsaya kusa da Wiel, ya kai kyamara ido.

“Mai kantin nan ya cuce ni. Duhu ne ƙirin a ciki.”

Lei ya miƙa hannu ya cire murfin gaban idon. “Gari ya waye?”

“Gwada ku nake yi.”

“To me kake gani yanzu?”

“Kunnen Yaya Wiel. Har gashin ciki ina ƙirgawa.”

“Kunne aka ce ka ɗauko mana?”

Leonie mai kantin magani ta matso. Ita ke wanke wa ƙauyen hotuna a ɗakin bayan kantinta shekara ashirin, kuma ba ta iya ganin ɓarna ta yi shiru ba. “Funs, dogon ido janyo abu yake yi. Ba zai haɗa maka mutum a ƙasa da tsuntsu a sama ba. Sa gajeren.”

“Leonie, ke ji da maganin tari. Ja da baya kawai ake yi.”

Ya fara ja da baya, ido a manne da kyamara. Kunne ya zama kai. “Kaɗan ya rage.” Ya taka ƙafar mai babban ƙaho, bawan Allah ya busa wata ƙara har karnuka suka amsa. “A ba da hanya, aiki ake yi!” Kai ya zama kafaɗa. Ya bangaji teburin matan coci, kek ɗin ceri biyu suka kife a ciyawa, wata tsohuwa ta bi shi da cokali tana tsine wa ranar da aka ba shi keke. Bai ko waiwaya ba. Ya fita daga filin, ya ƙetare hanya, yana cewa ga bindiga nan ta fara shigowa.

“Funs, lambatu!” Tilla ta ƙwala masa kira.

Kiran ya same shi a ciki. Lambatun gonar shanu ne, kuma ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba. Abin da mutane suka hango kawai hannu biyu ne sama da ciyawa, riƙe da kyamara. Sai da maharba biyu suka jawo shi. Kyamarar ta tsira, amma dogon ido ya sha feshi. Ya zaro hankici daga aljihun wandon da ya jiƙe, ya goge gilashin da kyau, ya leƙa, ya ga duniya ta koma ruwan ƙasa. A hankali ya kwance shi ya cusa a jaka, ya ɗaura gajeren.

“Dama na awon fili ne,” ya ce da Leonie. “Yanzu za a fara aikin.”

“Fara daga can,” in ji Fada, yana toshe hanci. “Iska daga wajenka take busowa, ɗana.”

Aka fara harbi. Mutum na huɗu ya ɗora bindiga ke nan, Funs ya yi tsalle tsakiyar fili da hannu sama.

“Dakata! Gajimare! Allura ta faɗi!”

“Fita daga gaban bindiga, mahaukaci!” Lei ya daka masa tsawa. “Ruwan ƙanƙara bai taɓa tsayar da ƙungiyar nan ba, sai allurarka?”

“Minti ɗaya, rana za ta dawo.”

“Murza zoben haske mana!” Leonie ta ce daga baya. “Don haka aka yi shi!”

“Ai shi zan murza kika katse ni.”

Tsuntsun bana da itace mai taurin kai aka sassaƙa shi. Harbi ɗari, yana nan. Harbi ɗari biyu, fiffike ɗaya ya tafi, yana nan. Duk sanda ya ɗan girgiza sai ka ji ƙyas daga wajen Funs, ko da kuwa ba Wiel ne a kan bindiga ba. Tsakanin haka ya ɗauki magajin gari yana hamma, ya ɗauki karen Mia, ya ɗauki wani girgije da ya ce ya yi kama da shi.

Wajen ƙarfe uku tsuntsun ya karkace, ya rage a kan ɗan sili. Leonie ta zo ta leƙa lambar da ke saman kyamarar.

“Talatin da biyar. Ɗaya ya rage maka, Funs. Ina sauran fim?”

“Ɗaya ya ishi gwani,” ya ce. Amma muryar ba ta fito da ƙarfinta ba, don layi ya zagayo kan Wiel.

Wiel ya ɗora bindiga a kan matokarinta. Hannunsa yana rawa, kowa yana gani, kowa yana yi kamar bai gani ba. Masu ganga suka yi shiru. Tilla ta cusa hankici a baki. Funs kuwa tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun da yake cika baki. Ya durƙusa a ciyawa, ya murza zobe har fuskar Wiel ta fito tas, ya daidaita allura a tsakiya kamar yadda mai kanti ya nuna masa. Ga Wiel a ƙasa, ga sanda, ga tsuntsu a sama, duk a ciki, da gajeren idon nan da ya raina.

Bindiga ta tashi. Tsuntsu ya wulwula ya rabu da sanda, yatsan Funs ya sauka.

Ni ba mai yabon Funs ba ne, amma gaskiya ɗaya ce: ya samu hoton. Fili ya ɗauki ihu, aka ɗaga Wiel sama, Tilla ta rungume mijinta da warinsa da komai, tana kuka tana dariya. Da a nan wani ya ɗaure masa hannu, da labarin nan ya zama na abin kirki.

Sai aka fito da sarƙar azurfa za a rataya wa Wiel. Funs ya ce wannan ma ba za ta wuce shi ba. Ya ja ɗan hannun matsar da fim, ya ƙi tafiya, don fim ya ƙare. Ya ƙara ja, ya cije.

“Ƙarfe ba ya gardama da ni,” ya ce, ya sa ƙarfinsa duka.

Wani abu ya yi ƙirit a ciki, hannun ya saki, ya koma laushi kamar man shanu.

“Na gyara ta!”

Ya ci gaba da ƙyas, ƙyas. Ya ɗauki sarƙa, ya ɗauki Fada yana sa albarka, ya jera maharba sahu biyu ya sa su murmushi sau uku.

Da aka zauna cin abinci a dogon tebur, a fili, rana tana dukan farin ƙyallen teburin, Funs ya hau kan benci ya buga cokali a kofi.

“Jama'ar Elsbroek! Wasu sun ce ban iya ba. Ba zan kama suna ba, suna sayar da nama, suna sayar da giya, suna sayar da maganin tari. To ku sani, a fim mai talatin da shida, hoto arba'in da bakwai na ɗauka. Mai kantin ma bai san wannan dabarar ba!”

Cokali ya faɗi daga hannun Leonie a can ƙarshen tebur. “Nawa ka ce?”

“Arba'in da bakwai.”

“Funs, ka tsinke fim daga gwangwaninsa! Kada ka buɗe!”

“Kwantar da hankalinki. Ga shi ina naɗe shi.” Ya juya ɗan marfin mayar da fim, yana ta juyawa ba ko tirjiya. “Kin gani? Sumul.”

“Sumul ɗin ne masifar! Ba abin da kake naɗewa! Lei, riƙe shi!”

Lei yana da cinyar kaza a kowane hannu. Leonie ta taso a guje tana ture kujeru. Amma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Funs ya ɗaga kyamara sama don na baya su gani.

“Shugaba, ga sarkin sarakuna na damƙa maka!”

Ya ɓalle bayan kyamarar. Gwangwanin fim yana gefe ɗaya, wayam. Fim ɗin kuwa yana ɗaya gefen a naɗe tsirara, tsinkakken bakinsa ya miƙe yana kaɗawa a hasken rana. Funs ya ƙura masa ido.

“To ina mutanen? Ban ga kowa a jiki ba.”

Ya kama bakin fim ɗin ya fara jawowa, zai ɗaga shi wajen rana ya duba da kyau. Nan Leonie ta iso. Ta maka murfin ta rufe har da yatsansa, ta fizgi baƙar rigar saman Fada daga kan kujera ta dunƙule kyamarar a ciki, ta rungume.

Babu mai tauna a teburin. Wiel ya tashi da sarƙarsa a wuya, ya zo gabanta.

“Leonie, kada ki ɓoye min.”

“Na ƙarshe su ne a waje, Wiel. Su rana ta fara ci. Na farko suna can ƙuryar naɗin, wataƙila biyu ko uku su tsira. Naka ya tafi.”

Tilla ta fashe da kuka, ba ta ko rufe fuska ba. Funs yana tsotsar yatsa a kan benci, ya ce, “A sake kafa tsuntsun mana! Minti goma ne. Yaya Wiel ya tsaya yadda ya tsaya, wani ya jefo shi daga sama…”

“Tsuntsu sau ɗaya yake faɗowa,” in ji Wiel. Ya koma kujerarsa ya zauna, bai ƙara taɓa abincinsa ba.

Mako guda Funs yana bi ta bayan lambuna in zai sayo burodi. Amma ya ci gaba da gaya wa Tilla cewa hotunan farko ma ai hotuna ne, wataƙila jerin gwanon maharba ne, kuma Wiel yana ciki. Ita dai ba ta tanka masa ba, gishiri ma sai ta tura masa da cokali.

Lahadi bayan coci mashayar Mia ta cika har ƙofa. Leonie ta shigo da ambulan, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta miƙa wa Lei.

“Uku suka tsira. Haske daidai, nisa daidai. Ban taɓa wanke masu kyansu ba.”

Funs ya gyara zama, ƙirjinsa ya fara dawowa. “Kun ji ko?”

Lei ya zaro na farko. Ya dube shi, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya miƙa wa Mia, Mia ta zauna a kan akwatin kwalabe tana riƙe ciki.

Funs ne a gaban madubin kabad na ɗakin kwanansa. Sabuwar hula a ka, singileti, gajeren wando mai ɗigo-ɗigo, safa har gwiwa. Kyamara ta rufe rabin fuskarsa, ya saƙale dogon ido a hammata kamar bindiga. A na biyu ya juya gefe ya tsuke tumbi. A na uku tumbin ya ƙwace.

“Ashe abin da ka kulle ƙofa kana yi ke nan da safen ranar harbi!” in ji Tilla. “Ni ina buga ƙofa za mu makara coci, kai kana cewa kana addu'a!”

Hotuna suka bi hannu-hannu har waje. Mai babban ƙaho ya yi dariya har ya ƙware. Tsohuwar nan mai kek ta ce a ba ta ɗaya ta kafa a lambu saboda hankaki. Funs ya miƙa hannu zai karɓe, Lei ya buge hannun, ya buɗe littafin ƙungiya.

“Ƙa'ida ta ce hoton da mai hoton ƙungiya ya ɗauka a ranar harbi. Waɗannan ukun kaɗai suka cika sharaɗi. Wiel, kai ne sarkin sarakuna. Ko a bar wurinka fayau, ko ka zaɓa.”

Dariya ta lafa. Wiel ya jera hotunan a kan tebur yana dubawa.

“Yaya Wiel,” Funs ya ce ƙasa-ƙasa, “don girman Allah ka rufa min asiri. Na yi kuskure.”

Shekara arba'in ana zama da shi a teburin nan, ba a taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Wiel ya ɗago ya dube shi, ba fushi a idonsa, sai gajiya.

“Na tambaye ka a kujerar nan, Funs. Na ce in ba za ka iya ba ka faɗa min.” Ya ɗauki na biyu, mai tsukakken tumbi. “Wannan. Ya fi ƙoƙari a ciki.”

Mia ta kawo firam da guduma. Wiel ya rubuta a ƙasan hoton da hannunsa mai rawa: Wiel Dohmen, Sarkin Sarakuna, 1978. Ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Sau uku guduma tana kuskure ƙusa kafin ta shiga. Ya rataye hoton dab da na mahaifinsa, inda tsohon yake tsaye da bindiga, tsuntsu yana faɗowa a samansa. Ya ja da baya ya cire hula, ya daɗe yana kallon su biyun.

“Baba,” ya ce, “ni ne na so in zo kusa da kai. Ka yi haƙuri da maƙwabcin da aka kawo maka.”